Dalilin da ya sa ribit yake karkacewa, maɓallin dannawa yake cirewa a jikin fata

Wani matashi da ke koyon dukanci ya aiko da tambaya. Ya ce yana ɗinka jakunkunan mata da alabe da fatar akuya, yana kuma yin bel da kirgi, amma duk lokacin da ya dasa ribit, wato ƙusar nan mai kai biyu, sai hularta ta kauce gefe ɗaya, maɓallin dannawa kuma ko dai ya ƙi rufuwa ko ya tsinko fatar bayan 'yan makonni. Ya canza guduma, ya canza wurin sayen kaya, abin bai gyaru ba, shi ne yake neman a nuna masa inda kuskuren yake.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, a mafi yawan lokuta laifin ba na guduma ba ne, ba kuma na ƙarfin hannunka ba ne. Aikin yakan lalace ne tun kafin a ɗaga guduma, a lokacin da aka ɗauki ribit ɗin da tsawon ƙafarsa bai dace da kaurin fatar ba. Idan ka fahimci abin da ke faruwa a cikin hular nan lokacin da aka buge ta, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Ribit mai kai biyu gida biyu ne. Akwai gindi mai ƙafa, ƙafar kuwa bututu ce siririya mai rami a ciki, sannan akwai hula da ake kifawa a kanta. Idan bugu ya sauka, bakin ƙafar yakan daki rufin hular daga ciki, ya baje kamar laima, ya cika cikin hular ta yadda ba zai iya komawa ta ƙofar da ya shiga ba. Wannan bajewar ita ce dukkan ƙarfin ribit. Idan ƙafar ta yi gajarta, ba ta samun abin da za ta baje da shi, sai hular ta zauna kamar ta kama, ran da aka ɗora wa jakar nauyi ta yi tsalle ta faɗi. Idan kuwa ƙafar ta yi tsawo, to kafin hular ta iso jikin fata akwai sauran bututu a tsaye a sarari ba abin da ya tallafe shi, kuma bututu mai rami idan aka danne shi daga sama lanƙwashewa yake yi gefe. Wannan shi ne karkacewar da kake gani: hular sama ta bar saitin gindin ƙasa, kuma duk bugun da ka ƙara sai ya ƙara kwantar da ita.

Ma'aunin da nake aiki da shi shi ne, bayan ka haɗa dukkan fatun da za a ɗaure, ka matse su da yatsu, ka zura ƙafar daga ƙasa, abin da zai leƙo sama ya zama kimanin milimita 2, kada ya wuce 3. Ka ɗauki ribit ɗaya ka duba shi da kyau a haske, a yawancinsu za ka ga wani ɗan wuya da aka matse kusa da bakin ƙafar, inda hular take ɗan kamawa idan ka danna ta da yatsa. Wannan wuyan shi ne shaidarka. Idan ya tsaya daidai saman fatar, tsawon ya yi. Idan ya nutse a cikin hudar, ƙafar ta gaza. Idan kuma kana hango bututu fili a ƙarƙashinsa, ta yi yawa. Ƙafafun da aka fi samu a kasuwa su ne masu milimita 6 da 8 da 10 da 12. Saboda haka igiyar jaka ta kirgi mai kaurin milimita 3, idan aka ninka ta biyu ta zama 6, ƙafa mai 8 take bukata.

A nan ne matsalarka ta fatar akuya take fitowa fili, kuma ina so in daɗe a kanta domin ita ce ta fi damun dukawanmu. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi fatarsu ta yi suna a duniya tun zamanin fatake, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take bi kafin ta isa gare su. Fata ce mai ƙarfi da laushi da kyawun fuska, amma siririya ce, kaurinta yawanci bai wuce milimita 1 ko sama da haka kaɗan ba. Ninki biyu ya ba ka milimita 2. Ka zura ƙafa mai 6, sai milimita 4 su tsaya a sama, ninki biyu na abin da ake so. Ko hannun wane ne ya riƙe gudumar, wannan ribit sai ya karkace. Kayan ƙarfen nan an ƙera su ne da tunanin fatar shanu mai kauri, mu kuma muka ɗauko su muka ɗora a kan fatar da iyayenmu suke ɗinkewa da tsirkiyar fata da basilla, suna rufe bakin jaka da maɗauki da tuntu na fata. Tun da mun karɓi ƙarfen, wajibi ne mu ba shi kaurin da yake nema.

Maganin shi ne majingina. Ka yanki ɗan da'irar kirgi ko fatar akuya ninki biyu, wadda faɗinta ya fi na hular da kamar milimita 5 a kowane gefe, ka feƙe bakinta da wuƙa ya yi siriri don kada shatinta ya fito a fuskar jaka, ka shafa gam ka manna ta a bayan fatar daidai inda za a huda. Idan jakar tana da shafi a ciki, sai majinginar ta shige tsakanin fata da shafi, ba mai ganin ta. Aiki biyu take yi a lokaci ɗaya: tana cike gurbin tsawon ƙafar, tana kuma raba nauyin ja a fili mai faɗi maimakon ya taru a bakin huda. Wasu sukan rage tsawon ƙafar da magagari, kuma wannan yana yiwuwa a maɓalli domin bakin ƙafarsa a buɗe yake, amma a ribit mai kai biyu ban ba ka shawarar haka ba, domin idan ka goge bakin ka cire wuyan da hular take kamawa.

Sai maganar huda. Na sha ganin masu koyo suna soka basilla ko bakin almakashi su murza har ƙafar ta shige. Wannan ba huda ba ce, tsaga ce, kuma tsaga tana da baki biyu masu tsini waɗanda daga nan yagewa take farawa. Ka nemi mahuji mai zagayayyen baki wanda yake cire 'yar ƙwayar fata gaba ɗaya, ya bar rami mai santsi. Girmansa ya zama daidai kaurin ƙafar, ta yadda sai ka ɗan tura ta da yatsa kafin ta shige, kuma idan ka ɗaga fatar ba za ta faɗo da kanta ba. Ga yawancin ribit mai kai biyu mahuji mai milimita 2 da rabi zuwa 3 ne yake dacewa, amma kada ka dogara da lamba, ka gwada a guntun fata tukuna. Huda mai faɗi tana ba ƙafar wurin jingina gefe, ita ma tana kawo karkacewa ko da tsawon ya yi daidai. Kada kuma ka matso bakin fata sosai. Ka bar aƙalla ninki biyu na kaurin ƙafar tsakanin hudar da baki, a fatar akuya ma ka ƙara. A igiya siririya, idan za ka sa ribit biyu, ka jera su ɗaya bayan ɗaya a tsawon igiyar, domin idan ka jera su a faɗinta ka yanke kusan rabin fatar da za ta ɗauki nauyin a layi ɗaya.

Wurin huda daban, wurin bugu daban. Huda ana yin ta ne a kan abu mai ɗan taushi, kamar allon roba ko kan kututture, don kada bakin mahuji ya dakushe. Dasawa kuwa tana son ƙasa mai tauri da ba ta motsi. Teburin katako mai rawa yana shanye rabin bugun, sai ka ga ka buga sau shida ribit bai zauna ba, kuma tsakanin bugu da bugu ƙarfen bugun, wato ɗan sandan ƙarfen da ake ɗorawa a kan hular a buga da guduma, yana zamewa daga saiti. Guntun dutsen mabul ko falalen dutse mai kauri da aka ajiye a ƙasa ko a kan kututture ya wadatar. A kansa za ka ɗora 'yar maƙerar da take zuwa tare da ƙarfen bugu, mai kwarmi kamar cikin cokali, wadda kan gindin ribit yake kwanciya a ciki don kada ya baje. Ƙarfen bugun shi ma bakinsa da kwarmi, kuma kwarmin ya dace da girman hular: idan ya yi ƙanƙanta zai bar zobe a fuskar hular, idan ya yi girma zai tauna fatar da ke kewaye. Ka riƙe shi a miƙe sak, ka sunkuyo ka dube shi ta gaba, ka kuma dube shi ta gefe, domin ido daga sama yana yaudara. Gudumar katako ko ta roba mai tauri ta fi ta ƙarfe, wadda take baje kan ƙarfen bugu da daɗewa. Bugu na farko ya zama mai sauƙi don hular ta zauna a saiti, ka duba, sannan ka bi da biyu ko uku masu ƙarfi. Gwajin ƙarshe shi ne ka sa farce a ƙarƙashin hular. Idan farcen ya shiga, ko hular tana juyawa da yatsa, bai zauna ba. Idan kuwa fatar ta tattare a kewayensa kamar bakin zabira, ka wuce gona da iri.

Maɓallin dannawa gida huɗu ne, kuma rikita su yana daga cikin abin da ke hana shi rufuwa. A marfin jaka, hula mai ƙafa tana zama a waje, macen da ke da zoben waya a cikinta tana zama a ƙasan marfin. A jikin jaka kuma, gindi mai ƙafa yana shigowa daga ciki, namijin yana zama a waje yana fuskantar macen. Za ka ji masu sayarwa suna cewa lamba 20 ko lamba 24. Wannan tsohon ma'aunin maɓalli ne, inda kowace lamba ɗaya take daidai da kashi ɗaya cikin 40 na inci, saboda haka hular lamba 20 tana da faɗin kusan milimita 12 da rabi, ta lamba 24 kuma kusan milimita 15. Lamba 24 ta kirgi ce mai kaurin milimita 3 zuwa 4, irin na bel da kube da jakar kayan aiki. Lamba 20 ta fata ce mai matsakaicin kauri, milimita 2 zuwa kusan 3. Dukansu biyu zoben cikinsu yana da ƙarfi, kuma idan ka dasa su a fatar akuya ninki ɗaya, duk buɗewa ɗaya kokawa ce tsakanin ƙarfe da fata, kuma fatar ce za ta sha kaye. Ga alabe da ƙananan jakunkuna ka nemi ɗaya nau'in, wanda idan ka leƙa cikin macen za ka ga 'yan wayoyi biyu a jere maimakon zobe. Wannan yana buɗewa da sauƙi, ƙafarsa gajera ce, sai dai ƙarfen bugunsa daban ne, kuma dole ka saye shi tare da maɓallan. Kada kuma ka haɗa macen wani kamfani da namijin wani, ko da lambarsu ɗaya, domin bambancin da ido ba ya gani ya isa ya sa maɓalli ya yi sako-sako ko ya ƙi shiga.

Yadda ƙafar maɓalli take kamawa ya bambanta da na ribit. Bakin ƙarfen bugun yana da ɗan tsini da yake shiga cikin bututun, ya buɗe bakinsa, ya naɗe shi waje kamar bakin tulu har ya kwanta a kan gindin macen ko na namijin. Abin da ake so ya leƙo a cikin macen kafin bugu shi ne kimanin milimita 2. Idan ya fi haka, naɗin yakan taru ya yi tudu a tsakiya, namiji ya zo shiga ya tarar an tare masa wuri, wannan ne maɓallin da ka ce yana ƙin rufuwa. Naɗi yana son lallashi. Ka yi ƙananan bugu da yawa, kana ɗan juya ƙarfen bugun tsakanin yatsunka, kana ɗagawa kana dubawa. Kyakkyawan naɗi zagayayye ne mai santsi kamar zoben azurfa. Wanda aka yi wa bugu ɗaya mai tsanani yakan tsage gida uku ko huɗu, ko ya kwanta gefe guda, wani lokaci ma ƙarfen bugun ya taɓa zoben wayar ya lanƙwasa shi, daga nan kuwa maɓallin ya mutu sai dai a cire.

Saitin marfi da jiki yana da dabara mai sauƙi. Ka fara dasa namijin a jikin jaka, ka cusa tsumma ko takarda a cikin jakar har ta yi cikar da za ta yi a hannun mai ita, ka shafa alli a kan namijin, ka rufo marfin ka danna da babban yatsa. Farin ɗigon da zai fito a ƙasan marfin nan ne wurin hudarka. Wanda ya auna da jaka a fanko zai ga maɓallinsa ya ƙi kaiwa ranar da aka zuba kaya. Ka kuma bar ɗan harshen fata kamar santimita 1 da rabi a gaban maɓallin, inda yatsa zai kama kusa da ƙarfen, domin idan ana jan marfin daga nesa fatar ce take miƙewa kafin maɓallin ya saki.

Akwai wani abu da bai shafi bugu ba amma ya shafi fatarmu kai tsaye, shi ne irin ƙarfen. Majemanmu da bagaruwa suke jima, kuma sinadarin bagaruwa idan ya haɗu da baƙin ƙarfe da danshi baƙi yake bayarwa. Dukawa sun san wannan tun da daɗewa, domin da ruwan ƙarfe ake fitar da baƙin zane a kan jar fata. To abin da yake ado idan an yi shi da niyya, shi ne yake zama tabo idan ribit na baƙin ƙarfe ya kawo shi. Na taɓa ɗinka jakunkuna da fata mai ruwan ƙasa mai haske, na sa musu maɓallai masu ƙyalli da aka ce mini tagulla ce. Damina ɗaya suka yi a rataye, sai ga baƙin zobe ya kewaye kowane maɓalli, ya ratsa cikin fatar yadda ba abin da zai goge shi. Na ji zafin wannan asara ƙwarai, domin fatar ta yi kyau kuma ɗinkin ya ci kwanaki. Tun daga ranar ba na zuwa sayen kayan ƙarfe sai da ɗan maganaɗisu a aljihu. Abin da ya manne masa baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufi, kuma rufin yakan fashe daidai inda aka buga. Tagulla da jan ƙarfe ba sa manne wa maganaɗisu. Su ma sukan fitar da ɗan kore idan fatar ta sha mai da yawa, amma wannan ana share shi, kuma ba ya cin fata kamar tsatsa.

Game da bel da duk abin da zai ɗauki nauyi na gaske, kamar igiyar babbar jaka ko ragama da sauran kayan doki, ribit mai kai biyu ba shi ne ya dace ba, domin bututu ne siriri kuma rabin aikinsa ado ne. Wanda ya dace shi ne ribit na jan ƙarfe zalla, mai ƙafa cikakkiya da zobe. Lambobinsa da aka fi sani su ne 9 da 12 da 14, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Ana zura ƙafar ta yadda faffaɗan kan zai kasance a gefen da ke taɓa jikin mutum ko dabba, a ɗora zoben, wanda ba ya sauka da kansa saboda ƙafar tana ƙara kauri zuwa ƙasa, a kora shi da ƙarfen bugu mai rami har ya danne fata, a yanke ƙafar da abin yankan waya a bar milimita 2 zuwa 3, sannan a bi gefen abin da ya rage da ƙananan bugu ana zagayawa har ya baje a kan zoben. A wannan nau'in tsawon ƙafa ba ya damun ka, tun da kai ne kake yanke ta. Irin wannan ƙarfafawa ce Jacob Davis da Levi Strauss suka yi wa rajista a Amurka a shekarar 1873, inda suka dasa ribit na jan ƙarfe a kusurwar aljihun wandon ma'aikata, wato daidai inda ɗinki yake fara warwarewa. Haka nake so ka ɗauke shi a aikin fata: ka ɗinke wurin tukuna, ribit ya zo a ƙarshen ɗinkin ya tsare shi. A wajen kan bel kuma, idan kana so mai shi ya iya canza kan, akwai sukuru mai gida biyu da ake ɗaurewa da sukundireba, sai ka ɗiga ɗan gam a zaren don kada ya kwance da tafiya. A kube kuwa kada ka sa ƙarfe a layin da kaifin wuƙa yake bi, ka sa tsirin fata a tsakanin ninki biyun ya tare kaifin.

Jakunkunan da ka riga ka yi ba su lalace ba. Ribit ɗin da ya karkace, ka zura ɗan kwali a gefensa don kare fuskar fata, ka sa bakin abin yankan waya a ƙarƙashin hular ka matse a hankali har ta rabu da ƙafar, sai gindin ya fita ta baya. Maɓalli kuma daga ciki ake cire shi: ka ɗora bakin injin huda wanda ya ɗan fi ƙafar kauri a kan naɗin, ka ci shi a hankali kana tsayawa, domin ƙarfen yana zafi kuma zafi yana ƙona fata. Bayan ka cire, hudar za ta kasance ta buɗe fiye da da, saboda haka ka manna majingina a baya, ka bar gam ɗin ya bushe, ka sake huda da mahujin da ya dace, sannan ka dasa sabo. Inda fatar ta riga ta yage, ka yanki ɗan ado na fata mai wani launi, ka ɗinka shi a kan wurin ta waje, ka sa majingina ta ciki, maɓallin ya ratsa ukun gaba ɗaya. Kafin ka taɓa ko ɗaya daga cikin jakunkunan, ka haɗa guntayen fata masu kauri iri ɗaya da nasu, ka dasa kamar guda goma a kansu, ka yanka biyu ko uku ta tsakiya da zarto mai ƙananan haƙora, ka ga da idonka yadda bakin ƙafar ya baje a cikin hular.